Kwalbar Man da Na Kai Wa Hamajam

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A mayanka tambaya, a ƙofar masallaci tambaya: Malam Ɗanjuma, me ya kai tsoho kamarka kwana goma sha tara a daji? Wasu sun ce zaman gida ne ya ishe ni, wasu sun ce magani na tafi nema a Cadi. Na ba wannan guntun labari, na ba wancan guntu, sai na ga gara in zauna in rubuta shi duka. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da ɗan abin da na tsinta na boko, saboda haka a yi haƙuri da rubutun.

Ba magani na je nema ba. Mutum na je nema, sunansa Hamajam, in roƙe shi gafara kafin ɗayanmu ya mutu.

Kafin in zauna a teburin nama a Garwa, ni kuku ne na fataken shanu. Su saya, makiyaya su kora, ni in dafa. Shekara talatin da wani abu ke nan muka taso da garke daga Bogo a ƙafa. Hamajam yana cikin masu kora, kuma shi ke jan jakin da ke ɗauke da kayan girkina. A lokacin a tandu muke zuba mai, wato ɗan tulun fata. Na ɗura man shanu a ciki, na toshe da totuwa. Kullum da safe in na buɗe sai in ga ya ragu, toshiya kuma tana nan daram. Rana ta shida na dubi hannun Hamajam na ga yana sheƙi. Ban tambaye shi ba. Na jira sai da muka iso kasuwar shanu ta Garwa, a gaban dillalai da mahauta, na ɗaga tandun sama na ce, "Ku zo ku ga aikin Lashe-Tandu." Aka kwashe da dariya. Shi bai ce uffan ba, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Bayan kwana biyu na zo ajiye akumarin jakin, na ji ya yi nauyi kamar an jiƙa shi. Mai ne ya sha. Ashe ni ne nake kwantar da tandun a cikin mangala. Da rana man ya narke ya bi gefen totuwa ya tsiyaye, da asuba ya sake daskarewa ya rufe bakin kamar ba a yi komai ba. Na ɗauki akumarin na jefa a kogin Binuwai, na kama bakina. Sunan kuwa ya bi Hamajam kasuwa-kasuwa, har babu dillalin da ke ba shi amanar shanu. Daga nan na daina ganinsa.

Bana da bazara ina tsaye a kasuwa na ji wani mai kora yana gaya wa ɗan'uwansa inda ya samo wani farin bijimi. Ya ce, "A wajen 'ya'yan Lashe-Tandu, can bayan Lere." Wato sunan ya wuce uban ya hau kan 'ya'ya. Ranar ban iya cin abinci ba.

Alhaji Buba, ɗan wani abokina marigayi, dillalin shanu ne, yana shirin zagaya kasuwannin daji ta wannan ɓangaren. Na same shi na ce ina so in bi shi a matsayin kuku.

Ya ce, "Baba, kai da kake salla a zaune?"

"Tuwo ma a zaune ake tuƙa shi."

"Kwana za mu riƙa yi a gindin itace fa. Babu katifa, babu lopital in ciwo ya kama ka."

"Tun kafin a yi maka kaciya nake kwana a gindin itace. Za ka tafi da ni ko in hau motar haya?"

Ya yi dariya ya ce in shirya. Ban gaya masa dalili ba sai a hanya.

Wanda bai taɓa dafa wa mutane a daji ba yana zaton gari da gishiri su ne babban kaya. Mai ne. Gari in ya zube ka tattara, mai in ya zube ya tafi. Kwana biyu muka yi ni da mai ɗakina Asabe muna gardama a kan wanda zan ɗauka. Manja na cire shi tun farko, don in ya yi yoyo sau ɗaya har tabarmar sallarka sai ta koma ja. Kakide na sana'armu ne, yana jure zafi, amma in tuwo ya huce sai ya kama dasashi, Fulani kuma ba sa son shi. Man shanu sai an soya shi da albasa ya saki ruwansa, in ba haka ba kwana uku a zafin nan ya yi ɗoyi, ni kuma tun daga waccan shekara ba na son ganinsa a cikin kayana. Alhaji Buba ya ce in sayi man auduga na kanti, ba ya lalacewa. Asabe ta ce, "Ba ya lalacewa don babu abin lalacewa a cikinsa. Ruwa ne mai kala." A ƙarshe ita ta zauna ta soya gyaɗa ta matse mini da hannunta.

Ban zuba a bido guda ba, wato jarka. Na raba kwalba huɗu na roba, don in ɗaya ta fashe saura su kai mu. Kowace na bar mata yatsa uku a wuya, saboda mai yana kumbura da zafi. Na sa leda a ƙarƙashin murfi, na ɗaure da robar tayar keke, na naɗe su a buhu, na tsayar da su a tsaye cikin bokiti. Uku na girki ne. Ta huɗun na ware ta na ce tsarabar Hamajam ce, don makiyayi yana da man shanu amma ba shi da na gyaɗa. 

Mu biyar ne: ni, Alhaji Buba, direbansa Inuwa mai akori-kura, da masu kora biyu da za su dawo da shanu a ƙafa. Ina zaton za mu miƙe ne sai Lere. Ko Pitowa ba mu wuce ba Alhaji ya ce a sauka, sai an ci kasuwa jibi. Ga Garwa nan a bayanmu, da na so da na koma gida na sha ruwa na dawo. Kwana biyu na yi ina kewaya mota kamar akuyar da aka ɗaure. In na zauna in tuna Hamajam ya girme ni, sai in miƙe in je in taɓa kwalabe, in yayyafa wa buhun ruwa, in ja bokitin in bi inuwa da shi.

Inuwa ya ce, "Baba, amaryar nan taka ko iska ba ta sha?"

Na ce, "Kai dai kada ka ajiye bidon fetur ɗinka kusa da ita. Roba tana shan wari."

A Figil komai fari ne, har gashin giran mutane, saboda ƙurar farar ƙasa da ake fasawa. Na buɗe kwalba na juya in yanka albasa, kafin in waiwayo saman man ya yi fata. Daga ranar na koyi tsiyaya a murfin kofi in rufe nan take. Wata mai makala, irin fankensu na can, ta zo ɗibar wuta a wurinmu, ta sunkuya ta shaƙi tukunyata ta ce da Fillanci, "Wannan man mace ce ta matse shi, kuma tana fushi lokacin da take yi." Na ce yaya aka yi ta sani. Ta ce gyaɗar ta ɗan wuce wuta. Ban musa ba.

A nan ne na kusa maimaita halina. Da safe na ɗaga kwalba ta biyu na ga ta sauka da yatsa biyu, murfi a ɗaure. Wallahi kafin in yi tunani idona ya riga ya tafi kan hannun masu korar nan. Magana ta zo har bakina. Na cije, na zauna a kan dutse. Sai ga Inuwa ya zo yana goge hannu da tsumma.

"Baba, na ɗebi manka kaɗan jiya. Kusar taya ce ta ƙi kwancewa. Kana sallar la'asar, ban so in katse ka ba."

Na ce, "Allah ya yi maka albarka."

Ya tsaya yana kallona. "Albarka kuma? Na zaci zagi zan sha."

Daga Figil muka saki kwalta muka yi gabas. A iyakar Cadi wani jami'in duwan, wato kwastan, mutumin kudu ne, ya leƙa bayan mota ya ga kwalabe a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu a ƙarƙashin tabarma. Ya tambaya da Faransanci mene ne. Inuwa ya juya wajen wani mai yi musu tafinta ya ce, "Ka gaya masa mai ne." Shi kuwa ya juya ya ce fetur ne. Ga shi man gyaɗa a kwalba bai da bambanci da zuwa-zuwa, fetur ɗin nan da ake sayarwa a bakin hanya. Aka ce a sauke kaya duka. Ina ta cewa na miya ne, na miya ne, babu mai saurare na. Sai da jami'in ya kwance robar da kansa, ya sansana, ya tsoma ɗan yatsa ya lasa. Ya yi dariya har yana dafa mota, ya ce a gaya wa tsoho a garinsu abin da ba ja ba ba a kiransa mai. Ya taya ni ɗaurewa. Amma rabin yini ya tafi, muka kwana a bakin iyaka.

Ƙasar bayan iyaka ta ƙabilar Mundan ce. Mutane ne masu fara'a, sai dai ban saba da ganin mata da maza a zaune wuri ɗaya a kasuwa ana sha ana hira ba. Mu a gida mai ake fara sawa a tukunya a soya albasa. Wata mata da muka sauka kusa da gidanta ta gama miyar kuɓewa tsaf babu ɗigon mai, sai da aka zo ci ta zuba ɗanye a kai. Na gwada na ga ya fi auki, na ci gaba da yin haka, Alhaji yana ƙorafi wai na mai da shi baƙo a cikin kayansa. A wata kasuwa kuma na ga wani Balarabe ya ɗaure wa sa ido yana kewaya wani ƙaton turmi, ana matse riɗi. Na daɗe ina kallon san nan, yana ta tafiya bai je ko'ina ba. Shayinsu kuwa baƙi ƙirin, in ka sha ɗaya sai an ba ka na biyu da na uku, tashi kafin nan rashin kunya ne. Ni da nake sauri, na sha shayi a ƙasar nan har hannuna yana rawa.

Tururuwa ma sun nemi rabonsu. Na rataye bokitin a reshe suka biyo igiya. Sai na koma dabarar da, na zagaye shi da toka.

Duk inda muka sauka ina tambaya: ko an san wani tsoho Hamajam da ya taɓa zama a Garwa? Aka kai ni wajen Hamajam uku. Ɗaya saurayi, ɗaya kurma, ɗaya bai taɓa tsallake iyaka ba amma ya riƙe ni sai da na ci abinci. Alhaji Buba, wanda zuwa lokacin ya san komai, ya ce, "Baba, Hamajam a nan kamar Musa ne a Garwa. Ka san sunan da za ka faɗa a gane."

Na ce ba zan sake faɗinsa ba.

Kwana huɗu muka ƙara a haka. Shanu suka cika, kwalba ta uku ta kai rabi. Alhaji ya ce, "Jibi za mu juya. Ba zan tsare dabbobi a nan babu ciyawa ba, ka yi haƙuri."

Washegari da hantsi wata mai tallar nono ta zo zangonmu. Na sayi nono ban sha ba. Ta ɗora ƙwaryarta za ta tafi, na kira ta, na rage murya na ce, "Inna, kin san rugar Lashe-Tandu?"

Ko tunani ba ta yi ba. Ta nuna da haɓa ta ce, "Bayan giginyun can. Kowa ya san su."

Inuwa ya kai ni har inda mota za ta iya, na ƙarasa da sanda, kwalbar a hammatata. Na tarar da shi a kan buzu a inuwar bukka. Ya rame, ido ɗaya ya yi fari. 'Ya'yansa biyu, manya masu gemu, suna gefensa suna tufka igiya. Muka yi gaisuwa mai tsawo irin tasu, jam, jam, jam, babu wanda ya tambaye ni ko ni wane ne. Da gaisuwa ta ƙare na rasa ta inda zan fara, sai na kwance buhun na ajiye kwalbar a gabansa na ce, "Daga Garwa na zo. Ga ɗan mai na kawo maka."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na yi. Mutumin da ake kira Lashe-Tandu, baƙo ya taso daga Garwa ya dire masa mai a gaban 'ya'yansa. Babban ya saki igiyar ya miƙe tsaye.

"Har gida? Na kasuwa bai ishe ku ba sai kun biyo shi har gida?"

Hamajam ya ɗaga hannu, ɗan ya tsaya. Ya karkato da kunnensa wajena ya ce, "Sake magana." Na sake. Ya ce, "Bangaro, kai ne?" Haka suke kiran mahauci, haka yake kirana a da.

Na ce ni ne. Na durƙusa duk da ciwon gwiwata, na faɗi komai: tandun da na kwantar, akumarin da na jefa a kogi, shekarun da na yi ina sane. Na ce ya yafe mini don Allah.

Ya murza gemu. Sannan ya ce, "Tun rana ta biyu na sani. Ni ke sauke akumarin nan kullum, shi ya sa hannuna yake sheƙi. In mun yi nisa in tayar da tandun tsaye, da safe ka zo ka sake kwantar da shi."

"To don me ba ka gaya mini ba?"

"Na gaya maka a Figil. Na ce Bangaro, jakin nan yana warin mai. Ka ce in kula da shanuna, kai ka kula da tukunyarka."

Na manta da wannan sarai, sai da ya faɗa na ji muryata.

Na ce, "A kasuwa fa? Da ka yi magana ɗaya."

"Ka taɓa ganin Bafulatani ya tsaya a tsakiyar kasuwa yana rantsuwa a kan abin da ya shiga bakinsa? Ko da na yi nasara, kunyar ta riga ta kama ni."

Ƙaramin ɗan ya ce, "Baba, ka bar shi ya tashi ya tafi."

"Ba zai tafi bai ci ba." Ya juyo gare ni. "Bangaro, a ina ka raɗa mini sunan nan?"

"A kasuwar Garwa."

"Mutum nawa ne a wurin?"

"Kasuwa ce, a cike take."

"Yau kuma mu nawa ne a nan? Ni, da 'ya'yana da suka riga suka san ubansu, da maruƙa. Sunan nan ban ɗauko shi a jaka ba. A bakin masu korar shanu ya taho, zango-zango, ya riga ni isowa. Ka koma inda ka faɗa ka warware. In maganarka ta biyo hanyar da ya biyo ta same ni a kan buzun nan, daga bakin wanda ba kai ka aiko shi ba, to na yafe. Ni dai na tsufa. 'Ya'yan nan nake ji."

Aka kawo mini dambu da nono na ci, ban ji ɗanɗanonsa ba. Da zan tashi babban ɗan ya tura kwalbar da ƙafa wajena. Hamajam ya ce masa, "Ɗauka ka kai wa matan gida. Man bai yi mana komai ba."

Dawowa babu abin faɗi. Masu kora suka biyo daji da shanu, mu muka biyo hanya muna jiransu zango-zango. Man ya ƙare mana kwana biyu kafin Garwa, muka ci miya haka nan.

Ranar kasuwar farko bayan isowarmu na sa Alhaji Buba ya kama hannuna na hau kan wani kututture kusa da inda ake ɗaure bijimai. Na ɗaga murya na faɗa da Hausa, na sake faɗa da Fillanci. Yawancin dillalan yanzu ba a haife su ba lokacin da abin ya faru. Wasu suka tsaya, wasu suka ci gaba da ciniki, na ji wani yana tambaya ko tsohon nan tallar magani yake. Cikin waɗanda suka yi dariya a waccan rana mutum ɗaya na gani, Malam Iro, mun yi zaman tebur tare. Ya jira na sauko ya ce, "Ɗanjuma, kai ka faɗa sau ɗaya. Mu muka yi ta maimaitawa." Mako na gaba ya zo ya tsaya kusa da kututturen har na sauko.

Kasuwa huɗu ke nan ina hawa. Duk garken da ya shigo daga gabas sai na je na gaida masu korarsa, in tambaye su a wajen wa suka sayo. Makon jiya wani ya ce bayan Lere, wajen wasu 'yan'uwa biyu. Na ce 'ya'yan wa? Ya faɗi sunan nan, da zuciya ɗaya, bai san yana faɗin komai ba. Na zaunar da shi na ba shi labarin tun daga Bogo. Ya ce in ya koma zai faɗa. Na ce kada ya ce ni na aike shi, don ban aike shi ba, ya faɗa kawai a inda ake hira.

Ku ma da kuka dame ni da tambaya, ga abin da ya kai ni. Cikinku akwai direbobi, akwai dillalai, akwai masu bin hanyar Figil duk mako. In kun zauna shan shayi a wani zango aka ambaci mutanen nan, ku ce sunan ubansu Hamajam, bai taɓa man kowa ba, kuku ne ya kwantar da tandu, sunansa Ɗanjuma, yana nan Garwa da ransa. Ku yi sauri, don na ga yadda numfashinsa yake.